Filin Matafiya: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

  

A wannan karo wata wasiƙa ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Wani saurayi ɗan kasuwa ne ya rubuto mana daga Dapaong, wadda iyayenmu ke kira Dapango. Ya ce sau biyu a wata yakan ɗauro kaya bisa babur ya kawo Sokode, ya sayar, ya sari wasu ya koma. Kwanakin baya akuya ta gitta masa gab da shiga Mango, ya danne birki, babur ya zame da shi. Allah ya tsare, ƙujewa kawai ya yi, amma tun daga ranar kan babur ɗin ya karkace, hannun dama ya fi na hagu kusa da cikinsa. Wani ya ba shi shawara a zura bututu a miƙe shi, wani ya ce a gasa shi da wutar walda tukuna. Shi kuwa tambayarsa ita ce: in ya sayi sabon kai, zai iya sa shi da hannunsa, ko kuwa tilas sai bakanike?

Ɗan'uwa, ga amsarmu a taƙaice kafin mu shiga bayani. Kada a miƙe shi, kada a gasa shi, a sauya shi. Kuma lalle za ka iya da hannunka, aikin yini guda ma bai kai ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka yi shi ranar tafiya, kada ka yi shi daren tafiya. Abin da muke nufi da kan babur kuwa shi ne wannan ƙarfe mai ƙaho biyu da ake riƙewa a sarrafa babur, wanda makanikanmu na nan ke kira gidon da bakin Faransanci.

Hanyar da kai zai ɗauka

Wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. Tun kafin zuwan Jamus da Faransa kakanninmu fatake ke ratsa ƙasar nan da jakuna, daga Kano da Katsina su biyo ta Jugu ko ta Mango su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Sunan Sansanne Mango ma da kalmarmu aka fara shi, wato sansani. A wancan zamani babu madugun da zai bar ayari ya tashi bai duba akumari da igiyoyin kaya ba, domin ya san abin da ya tsinke a daji ba ya gyaruwa da sauƙi.

Yau babur ya gaji jaki, hanya kuwa tana nan da halinta. Daga Sokode zuwa Dapaong kusan kilomita 300 ne a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya. Kafin ka kai Bafilo ga duwatsun Alejo. Ka wuce Kara da Nyamtugu, ga hawa da gangaren Defale kafin Kante. Daga nan hanya ta miƙe ta ratsa dajin Keran har Mango, a bakin kogin Oti, sa'an nan Barkwasi da Bombuwaka, kana ka hango Dapaong. An yi hanyoyin kewaye a Alejo da Defale saboda manyan motoci, amma kwana da gangara ba su ƙare ba. Ga kuma tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome zuwa Burkina Faso da ƙasashen bayanta, waɗanda iskarsu kaɗai takan ture mai babur gefe. Duk wannan girgiza da tunkuɗa, awa biyar ko shida, a kan wannan siririn bututun ƙarfe suke sauka, kuma a jikinsa ne birkin gaba da totur da kuloci da oda suke rataye. Ashe kuwa ba wurin toshe-toshe ba ne.

Mun san inda ɗabi'ar toshe-toshen ta samo asali. Babur ya zama abin hawan kowa a ƙasar nan tun dogon yajin aikin da aka fara a watan Nuwamba na 1992, lokacin da motocin haya suka tsaya, masu babura suka shiga ɗaukar mutane don kuɗi, sana'ar zemijan ta kafu. Ba a daɗe ba, a watan Janairu na 1994, aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Dole ta sa aka koyi miƙewa da liƙewa da ɗaurewa da waya. Bayan shekara ta 2000 baburan Sin da na Indiya suka cika kasuwa, irin su Sanya da Haojue da Apsonic da Bajaj da TVS, kayan gyaransu suka wadata har a ƙananan garuruwa. Wahalar ta ragu, amma ɗabi'ar ba ta bar mu ba.

Dalilin da ya sa ba a miƙe shi

Ɗauki guntuwar waya ka lanƙwasa ta, ka miƙe, ka sake lanƙwasawa. Ba za ka yi sau goma ba za ta karye, kuma daidai wurin da ta fara lanƙwasa. Haka kan babur yake. Faɗuwa ta lanƙwasa shi sau ɗaya, mai bututu ya lanƙwasa shi na biyu, wurin ya yi tauri ya rasa juriya, ƙananan tsagogi da ido ba ya gani suka buɗe. Daga nan girgizar hanya za ta ci gaba da aikin, kullum kaɗan-kaɗan. Wutar walda kuwa ƙara lalata shi take yi, domin zafi yana sauya halin ƙarfen, ya ƙone shafen da ke kare shi, tsatsa ta samu ƙofa. In kan na alminiyon ne, irin na manyan babura, to abin ya fi muni, shi ba ya ba da sanarwa kafin ya karye. Galibi kuma tsagar tana fitowa ne gefen madannan da ke riƙe kan a tsakiya, inda nauyi ya fi taruwa, inda kuma ba a cika leƙawa ba.

Ba a littafi kaɗai muka san wannan ba. Muna da maƙwabci a nan Sokode, magidanci mai 'ya'ya biyar, da aka miƙe wa kai da bututu a bakin hanya, ya biya 'yan kuɗi kaɗan ya tafi yana murna. Wata uku yana hawa lafiya. Ranar da abin zai faru yana saukowa gangaren Defale da buhu biyu a baya, ya faɗa wani ɗan rami, hannun dama ya ɓalle ya bar shi riƙe da totur da birki waɗanda ba su haɗe da komai ba sai waya. Sa'arsa ɗaya ba gudu yake yi ba, kuma babu mota a bayansa. Ya samu karaya a kafaɗa, ya yi watanni yana zaryar gidan mai ɗori, ba fita ba nema. Kuɗin da ya kashe a jinya da sun sayi sabon kai ashirin. Araha dai ba ta ado.

Ka tabbata kan ne ya lanƙwashe

Kafin ka kashe ko dala, bincika. Sau da yawa bayan faɗuwa ba kan ne ke lanƙwasa ba, ƙafafun gaba ne, wato shokazoba biyu, suke murɗewa a cikin maɗauransu, sai taya ta kalli gabas kai ya kalli arewa. Kafe babur a kan babban jak a wuri mai shafe, ka daidaita tayar gaba da ta baya, ka ɗauki igiya ka auna daga ƙarshen hannun dama zuwa tsakiyar murfin tanki, ka auna na hagu. Sa'an nan ka tsaya gaba ka duba tsayin hannuwan biyu. In kan lafiya yake, taya ce kawai ta kauce, to sassauta notocin da ke riƙe da shokazoba, ka matse taya tsakanin gwiwoyinka, ka murɗa kan ya koma daidai, ka ɗaure. In kuwa ƙaho ɗaya ya fi ɗaya tsayi, ko ka ga wurin da shafe ya tattare ko ya tsage, to babu ja, sai sabo. In ka ga shokazoba kanta ta lanƙwashe ko tana yoyon mai, wannan ya wuce aikin tsakar gida, nufi bakanike.

Wajen saye

Mafi sauƙi ka kwance tsohon ka tafi da shi shago, ka ɗora shi a kan sabon ka gani da idonka. Abu huɗu ake dubawa: kauri, faɗi, tsayi, da yadda ƙahonnin suka komo baya. Kusan duk baburan da muke hawa, masu inji 100 zuwa 150, kaurin kansu milimita 22 ne. Manyan baburan Amurka suna da milimita 25.4. Wasu sababbin baburan dogon zango da muke gani Turawa masu yawon duniya suna ratsowa da su ta Sinkase, kamar Yamaha Ténéré 700 da ta fito a 2019, wadda ta ci sunan hamadar Tenere ta Nijar, kansu ya kai milimita 28.6 a tsakiya, ya sirance zuwa 22 a wajen hannu. Kai mai wani kauri ba ya zama a madannin wani, kuma kada wani ya ce maka a cusa guntun gwangwani a cike gibin.

Leƙa bakin bututun ka ga kaurin naman ƙarfen, ka jinjina shi a hannu. Akwai masu ƙyalli kamar azurfa amma ba su fi gwangwanin madara nauyi ba, waɗannan ka bar wa mai shago kayansa. Duba tsakiyar kan, akwai wurare biyu masu kaushi kamar an yi musu zane, su ne ke hana shi juyawa, tilas tazararsu ta yi daidai da ta madannan babur ɗinka. Sayi sababbin robobin hannu tare, tsofaffin ba safai suke fita lafiya ba.

Masu dogon zango da yawa suna sha'awar kai mai tsayi saboda ciwon baya da sanyin yatsu, kuma suna da gaskiya: zama mai kyau shi ne kafaɗa a sake, gwiwar hannu da ɗan lanƙwasa, wuyan hannu a miƙe. Amma fa duk abin da ka ƙara a tsayi ko faɗi, daga tsawon wayoyi ka cire shi. In ƙarin ya wuce santimita biyu ko uku, ka sa a ranka cewa wataƙila sai ka sayi wayar totur da ta kuloci da ta birki masu tsawo. Za mu komo kan wannan, domin nan ne mu da kanmu muka sha kunya. Bayanin nan kuma bai shafi ƙananan babura irin Mate ba, waɗanda kansu ke lulluɓe da roba tare da fitila, su ɗaurinsu dabam ne.

Kwancewa

Zaɓi safiyar da ba ka da uzuri, ka samu inuwa da haske. Tanadi sifana mai lamba 8 da 10 da 12 da 14, wato abin da makanikanmu ke kira kile, da alanki in notocinka masu rami ne, da sukuddireba mai baki huɗu wadda bakinta bai cinye ba, da tsumma, da ruwan sabulu, da gwangwani na zuba notoci. Kore yara da kaji daga wurin, ƙaramin sukuru in ya faɗa yashi ya tafi ke nan.

Kafe babur a kan babban jak, ka shimfiɗa tsohon bargo a kan tanki don kada ƙarfe ya ƙuje fenti. Cire wayar batir baƙa, mai alamar ragi. Sa'an nan, kafin ka taɓa komai, ɗauki wayar salula ka yi hoton kan ta gaba da ta sama da ta kowane gefe, yadda za a ga ta inda kowace waya ta bi. Abin da kake ganin ba za ka manta ba, bayan awa ɗaya za ka manta.

Fara da madubai. A nan a kula: a baburan Yamaha da yawa madubin dama zarensa a juye yake, ta hannun da ake ɗaure sauran noti ta nan shi yake kwancewa, mutane da dama sun karya shi da ƙarfin tsiya. In akwai ƙarafan nauyi a bakin hannuwa, cire su ka adana, ba ado ba ne, girgiza suke ragewa. Robar hagu, zura siririyar sukuddireba ƙarƙashinta, ɗiga ruwan sabulu, murɗa ta fito. In ta ƙi, yanke ta. Kwance akwatin makunnai na hagu, mai oda da sigina, ka bar shi rataye da wayoyinsa ba tare da ka ja su ba, sai hannun kuloci.

A dama, in birkinka na gaba mai faranti ne da mai, kwance notoci biyun da ke riƙe da ɗan kofin man birki, ka ɗaure shi da igiya a tsaye, kada ya kife, kada kuma ka matsa hannun birkin yana rataye. In ya kife iska na iya shiga bututu, man kuma yana cin fenti. Totur kuwa sassauta sukurorinsa kawai, kada ka tsaya kokawar zare shi, wayarsa ba za ta kai ba. Sai ka kwance notoci huɗun madannan tsakiya, ka lura da wanne ne na dama, wanne gefe ne ke kallon gaba, ka ɗaga kan ka zame shi hagu, totur zai fita da kansa.

Sakawa

Yadda aka fita haka ake komawa. Goge hannun dama na sabon kai tas, ka zura totur tun kan yana hannunka, haka ma duk wani mariƙin da ba ya rabewa biyu. Kada ka cika wurin da giris, ƙurar hunturu in ta haɗu da shi taɓo take zama, totur ya riƙa maƙalewa. Ɗora kan a mazauninsa, wuraren nan masu kaushi su zauna daidai ƙarƙashin madannai, ka sa notoci huɗun da yatsu kawai. Wasu kawunan suna da ɗan ɗigo da aka buga a jikinsu, wanda ake daidaitawa da bakin madanni. Hau ka zauna kamar kana tafiya, ka rufe ido ka miƙa hannu, ka juya kan gaba ko baya har ya tarye ka inda hannunka ya sauka.

Wajen ɗaurewa, in madannin yana da ɗigo ko kibiya, wannan gefen ne ke kallon gaba, kuma notocin gaba ake fara ɗaurewa kafin na baya. In babu alama, bi su kaɗan-kaɗan a gicciye, yadda gibin gaba da na baya zai zama ɗaya. Masu sifana mai ma'auni, littattafan babura galibi suna ba da tsakanin 20 da 27 na awon Niyuton-mita ga noti mai kaurin milimita 8. Wanda ba shi da ita, ya ɗaure da ƙarfin hannu ɗaya a kan gajeriyar sifana, ban da ƙara mata bututu, ban da taka ta da ƙafa. Mazaunin alminiyon ne, in zarensa ya cinye ka sayi aikin da ya fi wanda ka fara.

Ga wani wurin da ake yawan yin ha'inci. A cikin akwatin makunnai da na totur akwai ɗan ƙaramin haƙori da ke shiga wani rami a jikin kan, don kada akwatin ya juya. Sabon kai sau da yawa ba ya zuwa da ramin, sai mai gaggawa ya sa filaya ya ɓalle haƙorin. Kada ka yi haka. Ranar da akwatin totur ya bi hannunka ya juya, wayar za ta ja ba da izininka ba. Auna wurin ramin a tsohon kai, ka yi alama a sabon bayan ka gama daidaita zamansa, ka kai wa mai injin huda ƙarfe ya huda maka daidai girman haƙorin.

Mayar da hannun kuloci da na birki yadda yatsunka za su sauka a kansu a miƙe da damtsenka, ba sai ka ɗaga wuyan hannu ba. Mariƙin kofin man birki yana da alamar sama, notin sama ake fara ɗaurewa. Robar hagu a sa ta a kan busasshen ƙarfe da ɗan sholisho irin na masu faci, a bar ta ta kwana. Mai ko giris ba sa zuwa nan ko kaɗan. Ta dama kuma kada a tura ta har ƙarshenta ya riƙa gugar bakin ƙarfe, a bar ɗan sarari. Ɗauko hotunanka ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta koma ta inda ta fito, sa'an nan ka mayar da wayar batir.

Inda aikin yake

Mai karatu zai ce to an gama. A'a, yanzu aka zo wurin da ya sa muka rubuta wannan fili, kuma bari mu tona asirin kanmu. Shekarun baya, ana jibi Babbar Sallah, muka ƙudura zuwa Mango gaida dangi. Ciwon baya ya dame mu, muka sayo kai mai tsayi da yamma, muka sa shi bayan lisha da hasken tocila, muka ɗaure komai tamau muka kwanta muna yaba wa kanmu. Da asuba uwargida ta hau baya da ƙullin tsaraba, muka fito layi lafiya lau. Muna isa mahaɗar farko muka karya kai hagu, sai inji ya kurma ihu, babur ya zabura kamar an tsikari doki. Wayar totur ce ta gaza tsawo, juyawar kan ta ja ta. Allah ya sa hannu ya kai ga kuloci, amma duk da haka sai da muka kifar da teburin wata baiwar Allah mai koko da ƙosai. Muka biya kuɗin koko, muka ba da haƙuri, muka tura babur gida. Uwargida har yau in ta ga mun ɗauko sifana sai ta tambaya ko ta kira mai koko ta kwashe kayanta. Abin dariya ne yanzu, amma da a kwanar Alejo ya faru, tirela na tafe, da wani ne ke rubuta muku wannan fili.

Saboda haka ga gwaji biyar, kada a tsallake ko ɗaya.

Na farko, inji a kashe, juya kan dama har ƙarshe, ka juya hagu har ƙarshe. Kada wani abu ya taɓa tanki, kada babban yatsanka ya matse, kuma a kowane gefe ka taɓa wayoyi ka ji suna da sauran sakewa, ba su miƙe kamar tsirkiyar baka ba.

Na biyu, murɗa totur ka sake shi, kai yana tsakiya, yana dama, yana hagu. A duk wuraren uku tilas ya koma da kansa nan take har ka ji ƙarar rufewarsa. Ya kamata kuma ya zama yana da ɗan wasa na milimita 2 zuwa 6 kafin waya ta fara ja.

Na uku, tada inji babu giya, ka bar shi yana numfashi a hankali, ka sake juya kan ƙarshe zuwa ƙarshe kana saurare. In muryarsa ta ɗaga ko kaɗan, kashe shi. Ko waya ta bi ta inda bai kamata ba, ko ta gaza. Wannan gwajin na minti ɗaya shi ne wanda muka tsallake.

Na huɗu, kuloci da birki. Bakin hannun kuloci ya yi wasa na milimita 10 zuwa 20 kafin ya fara nauyi, kuma kada wasan ya ɓace in an juya kai. Birki ya kama da ƙarfi. In na mai ne kuma ka ji shi laushi kamar soso, iska ta shiga, kada ka hau sai an fitar da ita. In na waya ne, ɗaga tayar gaba ka juya ta, kai yana dama da hagu, ka tabbata birki ba ya kama kansa. A sa yaro ya tsaya baya ya faɗa maka ko jar fitila tana kamawa.

Na biyar, oda da fitila babba da ƙarama da sigina huɗu da makunnin kashe inji, kowanne a gwada shi.

In duk sun yi, sa hular kwano ka zagaya unguwa kai kaɗai, ba kaya ba fasinja. Kashegari ka ɗan yi nisa, kai na Dapaong ka je Bombuwaka ka komo, na Sokode ya kama hanyar Camba. Da ka dawo sake bin notocin nan huɗu da sifana, sabon ƙarfe yakan zauna ya ɗan saki. Bayan wannan ne kawai za ka ɗaura kaya ka fuskanci Defale.

Kalma ta ƙarshe

Ba muna hana makanikai abincinsu ba ne. Akwai gwanaye a cikinsu a kowane gari na hanyar nan, kuma duk wanda ya ji zuciyarsa ba ta kwanta da aikin ba, ya kai musu, babu kunya a ciki. Amma ko bakanike ne ya sa maka, gwaji biyar ɗin nan naka ne, ka yi su a gabansa kafin ka biya, domin ba shi zai hau ba. Iyaye da masu ba yara babur su yi zemijan, da 'yan'uwa mata da su ma suke tuƙi, ku ma ga abin dubawa: ku tsaya gaban babur ku kalli ƙahonninsa biyu. In ɗaya ya sunkuya, to a ajiye makulli sai an sauya.

Kai kuma ɗan'uwa na Dapaong, mun gode da wasiƙarka. Ka sayi kan a farkon mako, ka sa shi da rana tsaka, ka gwada shi kwana biyu, sa'an nan ka taho. Kasuwar Sokode ba za ta gudu ba. In ka iso lafiya ka sake rubuto mana mu ji yadda aka ƙare. Sauran masu karatu ma ƙofa a buɗe take, a aiko da tambaya ko gyara ta ofishin wannan mujalla.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu duba maganar sarƙa da yadda ƙurar hunturu ke cinye ta. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.